Babbar talabijin da hom-tiyata: Lissafin da ya kamata a yi kafin a shiga kasuwa

Shekarun baya, talabijin mai inci 32 ta isa a ce falo ya haɗu. Yanzu a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano ko kasuwar Alaba a Legas, masu inci 55 da 65 na kamfanoni irin su Samsung da LG da Hisense da TCL ne a sahun gaba, har sun fara shiga jerin kayan ɗakin amare.

Sai dai wannan sha'awa ta zo a lokacin da komai ya yi tsada. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, kayan lantarki kuwa da dala ake shigo da su ko kayan haɗa su. Kuɗin talabijin mai inci 65 ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa, don haka wanda ya yi kuskuren zaɓi ba zai iya sake saye nan kusa ba.

Farashin da ke jikin kwali kuma somin-taɓi ne. Girman ɗaki, da abin da za a kalla, da wutar da za ta riƙe kayan, da sautin da zai fito, su ne za su nuna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Girman falo

Ana auna incin talabijin ne daga kusurwa zuwa kusurwa, a karkace. Mai inci 55 faɗinta ya kai kusan santimita 122, mai 65 kusan 144, mai 75 kuma kusan 166.

Ma'aunin da aka saba bi shi ne a ninka girman allon sau ɗaya da rabi da ɗan ɗori, don a samu tazarar da ta dace tsakanin kujera da bango. Da wannan lissafi, mai inci 55 na buƙatar kusan mita 2.2, mai 65 kusan mita 2.6, mai 75 kuwa mita uku.

Ke nan mai falon da tazararsa ba ta wuce mita biyu ba, idan ya ɗauko inci 75, zai riƙa juya wuya yana bin ƙwallo daga gefe zuwa gefe. Tef ɗin awo na tela ya isa ya raba wannan gardama tun kafin a bar gida.

Hasken ɗakin ma abin dubawa ne. Allon OLED ya fi fitar da baƙi da launi a ɗaki mai duhu, amma ya fi tsada, kuma tambarin tasha da ke tsayawa wuri ɗaya tsawon awanni kullum na iya barin tabo a kansa. Falon da rana ke shigowa ta taga, kuma talabijin ke kunne tun safe, ya fi dacewa da LED ko QLED.

4K ɗin da ba kowa zai gani ba

Kusan duk manyan talabijin na yanzu suna ɗauke da alamar 4K, wato ɗigon hoto miliyan 8.3, ninki huɗu na Full HD. Amma allo ba ya ƙirƙirar ingancin da ba a turo masa ba.

Yawancin tashoshin da ake kamawa ta dikoda, irin su DStv da GOtv da StarTimes, a matakin HD suke ko ƙasa da haka. Wanda ke kallon Labarina ko wasu finafinan Kannywood masu dogon zango a YouTube, yana rage ingancin hoto don tattalin data, zai ga babban allo ya ƙara fito da dishi-dishin da wayarsa ke ɓoyewa.

Samun 4K na gaske sai ta intanet mai ƙarfi. Netflix na ba da shawarar gudun megabit 15 a daƙiƙa, kuma awa ɗaya na iya cin gigabait bakwai. Fim ɗaya mai awa biyu ya kai gigabait 14 ke nan, a ƙasar da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. A ɓangaren dikoda ma, a watan Maris ɗin 2025 babban tsarin DStv ya koma naira 44,500 a wata.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani a shago ita ce yadda talabijin ke nuna tasha ta yau da kullum. Bidiyon furanni da tsuntsaye da ake kunnawa a shaguna an shirya shi ne musamman don ya burge mai saye.

Batun wuta

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya ya dawo naira 209.5.

Talabijin mai inci 65 na jan wat 100 zuwa 200, gwargwadon samfurinta da hasken da aka saita. Idan aka ɗauka ita da lasifika da dikoda sun haɗa wat 200, kallon awa biyar ya ci yunit ɗaya ke nan. A wata yunit 30, sama da naira 6,000 ga ɗan Band A.

Ga mai sola da inbata, lissafin ya fi tsanani. Batir mai bolt 12 da 200Ah na ajiye kimanin yunit 2.4, kuma irin na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Abin da ya rage zai riƙe waɗannan kaya awa biyar zuwa shida ne kawai, ba a sa fanka ko firji a ciki ba. Mai janareta kuwa ya san abin da litar fetur ta koma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Akwai kuma haɗarin wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Ita ce ke ƙona allunan cikin talabijin, kuma sau da yawa garanti ba ya ɗaukar irin wannan ɓarna. Dole kuɗin sitabilaiza da na'urar kare kaya daga hawan wuta su shiga kasafi tun farko.

Sauti: inda aka fi yin sakaci

Da talabijin ta ƙara sirancewa, wurin lasifika a cikinta ya ƙara matsewa. Shi ya sa ake samun allo kamar bango amma muryar 'yan wasa ba ta fita sai an ƙure ƙara.

Cikakken hom-tiyata shi ne wanda ake kira 5.1: lasifika biyu a gaba dama da hagu, ɗaya a tsakiya mai fitar da magana, biyu a bayan masu kallo, sai wufa mai fitar da amo. Idan aka jera su duka a kan kanta ɗaya a gaban falo, kamar yadda ake gani a gidaje da dama, amfanin zagayen sautin ya tafi.

Sannan yawancin abin da ke YouTube sautinsa na lasifika biyu ne. Alamar Dolby Atmos a jikin kwali ba ta aiki sai fim ɗin da kansa ya zo da shi, kuma an haɗa kayan ta ramin HDMI mai alamar ARC ko eARC.

Ga ƙaramin falo ko gidan haya, doguwar lasifikar nan mai kama da sanda da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, tare da wufa ɗaya, ta wadatar. Ba ta buƙatar jan waya a bango, kuma ba za ta haɗa mutum faɗa da maƙwabta ba.

A kula da lambobin da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali. Dubban wat da aka rubuta da PMPO talla ce. Ƙarfin gaske shi ne wanda aka rubuta da RMS. Haka nan falo mai tayil da bangon siminti yana mayar da sauti ya cakuɗe. Kafet da labule mai kauri na iya gyara abin da ƙarin lasifika ba zai gyara ba.

A gaban mai shago

Ana samun talabijin da aka liƙa wa sunan babban kamfani alhali ba nasa ba ne. Lambar samfurin da ke bayan talabijin ta dace da ta kwali da wadda ke cikin saitinta, kuma a nemo ta a shafin kamfanin ta waya kafin a biya.

A sa a kunna ta a nuna fari zalla da baƙi zalla, domin a nan mataccen ɗigo ko layi ke bayyana. A karɓi rasit da katin garanti mai tambarin shago, a kuma tambayi inda ake gyara a garin, domin sauya fasasshen allo kan kusa kai kuɗin sabuwa. Rasit ɗin ne hujjar mai saye idan ta kai ga ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Ga mafi yawan gidaje, kuɗin da zai sayi inci 65 ita kaɗai zai fi amfani idan aka raba shi: inci 55 mai inganci, da lasifika mai fitar da magana, da abin kare wuta. Inci goma da aka rage ba za a tuna da su ba bayan mako guda, amma muryar da ba ta fita da talabijin da ta ƙone a wata na uku za a daɗe ana jin zafinsu.