Ciki ɗaya, sikila ɗaya, ciwo daban

Wata uwa daga Gwaram tana zuwa Birnin Kudu karɓar maganin 'ya'yanta biyu masu sikila. Babban, duk hunturu sai an kwantar da shi. Ƙaramar kuwa takan shekara ba ta ga gadon asibiti ba. Ta tambaye ni dalili, ganin uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Wani ɓangare na amsar yana cikin himoglobin F, wato nau'in jinin da ake haihuwar jariri da shi. Yakan ragu bayan haihuwa, amma wasu sun fi wasu riƙe shi, kuma wanda ya riƙe da yawa ciwonsa yakan yi sauƙi. Shi ne hydroxyurea da muke bayarwa yake ƙarawa. Abu ne mai mizani kamar tsawon mutum, kuma gado yana da hannu a ciki.

Binciken dangi yana taimakawa wajen gano ƙwayar gadon da ke juya wannan mizani. Idan aka kwatanta makiyayi da ɗan kasuwar cikin gari, bambancin da aka gani zai iya zama na asali ko na cima, sai a ɗora wa ƙwayar da ba ruwanta. 'Yan ciki ɗaya kuwa tukunyarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wanne daga cikin ƙwayoyi biyu kowane mahaifi ya ba kowa. Binciken tagwaye a Ingila a 2007 da na iyalai a tsibirin Sadiniya a 2008 suka nuna ƙwayar BCL11A, wadda a kanta aka gina maganin Casgevy da Ingila ta amince da shi a 2023.

Saboda haka ina ganin idan masu bincike suka nemi jinin 'yan gida, bai kamata a yi saurin ƙi ba. A nemi bayani da Hausa, a tambayi wa zai ga sakamakon, domin gwajin yana iya tona abin da gida ya rufe.

Idan an amince kuma, a faɗi dangantaka yadda take. A wurinmu ɗan riƙo ɗa ne, ɗan uba ƙane ne, ɗan fari ma sai uwa ta ce na kaka ne saboda kunya. Lissafin bai san kara ba: ɗan riƙo guda da aka rubuta a matsayin ɗan ciki ya isa ya karkatar da sakamakon gidan. Auren zumunci ma a ambace shi.