Darasin Duwatsu a Zamanin Bindiga

Waɗanda muka yi firamare shekaru talatin da wani abu da suka wuce ba mu manta da ranar da malami zai jera mu biyu-biyu ya fita da mu bayan gari ba. Kowa da 'yar jakarsa, mu tsinto tsakuwa da ɓawon kaɗanya da gidan katantanwa, mu dawo mu baje a gaban allo. Da muka shiga kwalejin horon malamai aka ƙara jaddada mana cewa gani ya kori ji, kuma darasin kimiyyar da yaro ya taɓa da hannunsa shi ke zama a ransa. Yau ga mu riƙe da alli a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, manhaja tana nan tana cewa a koya wa yara nau'o'in duwatsu da ƙasa, amma dajin da za mu nuna musu ya zama wurin da baligi ma ke shiga da fargaba.

Ra'ayinmu shi ne: kada wani malami ya fita da ɗalibai bayan gari a halin da ake ciki, kuma kada mu bar darasin ya mutu saboda haka.

Dalilin farko ba ɓoyayye ba ne. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a Jangebe. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ɗauke ɗalibai fiye da saba'in a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantu. A Satumbar 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Idan an iya cin ma yara a ɗakunan kwanansu da azuzuwansu, ina ga yara arba'in a gindin dutse, da malami ɗaya wanda bai riƙe komai ba sai rajista?

Dalili na biyu ya shafi duwatsun kansu. Da yawa daga cikinmu mun ji labarin halittun da suka mutu tun fil azal, ƙasa ta binne su har suka koma dutse, muna sha'awar nuna wa yara. To Dutsen Kwatarkwashi da ire-irensa da ke kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba irin duwatsun da ke adana waɗannan halittu ba ne. Narkakken dutse ne da ya huce ya sandare a can ƙarƙashin ƙasa, babu ƙashi ko ɓawon da zai tsira a cikinsa. Inda ake samunsu shi ne yankin Sakkwato, wanda teku ya taɓa malalewa kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka shuɗe. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, yana ɗauke da ɓawon halittun ruwa. A wajajen Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus. A Jamhuriyar Nijar kuma, Gadufawa ta yi suna a duniya da ƙasusuwan dinoso, ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Yamai. Ashe wanda ya kutsa dajin Tsafe neman irin wannan ya sayar da ransa a kan abin da ba ya can.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da jiharmu. A nan, mutumin da aka gani da guduma da buhu yana ƙwanƙwasa dutse, ba wanda zai ce malamin kimiyya ne. Mai neman zinari za a ɗauke shi. Saboda zargin alaƙar haƙar ma'adinai da ta'addanci ne gwamnatin tarayya ta haramta haƙar a Zamfara a Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai a Disambar 2024. Ɗan bindiga zai ga mai buhun a matsayin kuɗin fansa, mai tsaron gari kuma yana iya zarginsa da kai rahoto. Wani abokin aikinmu ya fita shi kaɗai wata Asabar ya ɗebo yashi da tsakuwa a wani rafi don darasin Litinin. Masu sintiri suka tsare shi, bindiga na kallon ƙirjinsa, sai da wani dattijo da ya san mahaifinsa ya shaide shi aka sake shi. Ba mugunta suka yi ba, shi ne bai sanar da kowa ba. Kada kuma mu manta da gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, inda yara ɗaruruwa suka rasu saboda ƙurar dutsen zinari da ake daka a gidaje. Dutsen da ya fito daga ramin haƙa ba abin kai wa aji ba ne.

To yaya za a yi? Mu kawo dajin cikin aji. Kowace makaranta tana iya tanadar akwatin duwatsu: tsakuwar kogi mai santsi, marmara, yumɓun masu tukwane, jan ƙasa, yashi, ɓarɓashin dutse daga wurin magina. Duk ana samunsu a cikin gari, ko a bakin kogin da ya ratsa Gusau da Bunguɗu, inda jama'a ke wanki da rana tsaka. A rubuta sunan kowane da inda aka samo shi. Yara kuma su danna ganye ko ɓawon katantanwa a jikin yumɓu su bar shi ya bushe, nan take za su gane yadda halitta ke barin shaidarta a dutse.

Idan kuwa tilas ta sa malami fita ɗebo samfuri, to ya kiyaye waɗannan. Ya sanar da hedimasta da mai unguwa, ya tambayi manoman wurin yadda aka kwana. Ya tafi da ɗan gari wanda aka sani, da katin shaidar aiki a aljihu. Kada ya wuce gonakin da ake nomawa. Gonar da aka bari ta yi ciyawa da damina, akwai dalilin barinta. Ya fita da hantsi ya dawo kafin la'asar, ya bar guduma da diga a gida, ya guji tufafi masu kama da kakin jami'an tsaro. Da rani ya tuna da mafarauta, waɗanda ke iya harbin motsi a cikin duhuwa. In ya ji harbi, ya kwanta ƙasa nan take, ya ja ciki zuwa bayan dutse ko cikin kwazazzabo, domin dutse na tare harsashi, kara da ciyawa kuwa ɓoye mutum kawai suke yi. Kada ya miƙe don ganin inda ƙarar ta fito, kada ya ɗaga waya ɗaukar hoto, kada kuma ya taɓa wani ƙarfen da bai san shi ba. Wannan kwanciyar ma ya kamata mu riƙa gwada ta da ɗalibai a harabar makaranta, cikin natsuwa, ba tare da firgita su ba.

Wasu za su ce wannan miƙa wuya ne, kuma yaran birane za su bar namu a baya. Muna jin zafin wannan magana, domin akwai gaskiya a cikinta. Amma iyaye amanar 'ya'yansu suka ba mu da safe, suna jiran mu mayar musu da su cif-cif da azahar. Darasin da aka jinkirta ana iya ramawa.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshenmu su ɗauki abu uku zuwa ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi: a fitar da rubutacciyar ƙa'ida kan fita da ɗalibai, don kada a bar wa malami shi kaɗai nauyin yanke hukunci, a nemi taimakon takwarorinmu na Sakkwato da masana ilimin ƙasa na jami'o'i a samo samfuran da za su riƙa zagaya makarantu, a kuma horar da mu kan agajin gaggawa, musamman tsayar da jini. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu tun 2015, har ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a 2021, don haka alkawarin da aka riga aka ɗauka muke tuni a kai.

Muna fatan ranar da za mu sake jera yara biyu-biyu zuwa gindin Kwatarkwashi. Kafin ta zo, mu cika akwatunanmu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, amin.