RA'AYI: Wasanninmu na 'yan daba sun san lungu, ba su san kotu ba

Tun da Kannywood ta karkata daga faifan bidiyo zuwa wasanni masu dogon zango, babu nau'in da ya jawo ce-ce-ku-ce kamar wanda aka gina a kan aikata laifi: daba, ƙwacen waya, shaye-shaye da garkuwa da mutane. Fitacce a cikinsu shi ne A Duniya na Tijjani Asase, wanda ya fito da Daddy Hikima a matsayin Abale, har sunan wasa ya danne na yanka. A unguwar Turaki da ke birnin Jalingo, kamar a Fagge ta Kano, matasa kan yi dakon sabon kashi, wasu su kalla a YouTube, wasu su kai waya shagon masu turi a zuba musu. Abin da ake nuna musu a cikin kashi guda ya cancanci a zauna a raba aya da tsakuwa.

Ƙarfin irin wannan wasa yana cikin harshensa. Ɗan daban da ke cikinsa yana magana da sarar da matasa ke yi a bakin layi, da zaurancenta da gatsenta, har mai kallo ya manta cewa rubutawa aka yi. Sai kuma wurin ɗauka: lungu na gaske, kwata na gudu, kango da ba a gama ba, majalisar dare ƙarƙashin fitila guda. Kano na da 'yan daba, Gombe na da Kalare, Bauchi na da 'yan sara-suka, Yola na da 'yan Shila, Jalingo ma tana da nata, don haka yaron Turaki ba ya bukatar tafinta. Kashin da ya yi kyau yakan nuna yadda yaro ke zamewa a hankali, daga aiken sayen ƙwaya zuwa riƙon wuƙa, da yadda mai kuɗi ko ɗan siyasa ke ɗaure wa abin gindi daga nesa. Wannan ilimi ne da rahoton kwamiti ba ya iya isarwa, kuma masu shirin sun cancanci yabo a kansa.

Rauninsa yana bayyana ne da zarar hukuma ta shigo. Kyamarar da ta san kowace kusurwa ta lungu sai ta rikice a ƙofar caji ofis. A mafi yawan wasannin wannan layi ɗan sanda iri biyu ne: ko dai abin dariya mai karɓar na goro, ko kuma mai dira kwatsam a minti na ƙarshe ba tare da an ga yadda ya gano komai ba. Da wuya a ga jami'i ya killace wurin da aka yi kisa, ya nemi rahoton likita, ya bi sawun layin waya, ko ya zauna da shaidu ɗaya bayan ɗaya. A zabga wa wanda ake zargi mari, ya fashe da kuka ya amsa laifi, kiɗa ya tashi, kashi ya ƙare. Idan an kai ga kotu, fitowa ɗaya ce: alƙali ya buga guduma, ya yi gajeren wa'azi. Wanda aka sara kuwa, da uwarsa da ke jinya a asibiti, tuni labari ya manta da su.

Wani zai ce ai wasa ne. To amma ga dubban masu kallo, wannan ne darasin shari'a kaɗai da za su taɓa samu, kuma darasin ya saɓa wa dokar ƙasa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Sashe na 36 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma tanadi ɗaukar jawabin wanda ake zargi a gaban lauyansa. Dokar Shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓi amsa laifin da aka samo ta hanyar tursasawa ba, sannan Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai azabtarwa. Yaron da ya tashi yana kallon mari a matsayin bincike, ranar da aka kama mahaifinsa a madadin yayansa ba zai san an karya doka ba. Wanda ya saba ganin labari ya ƙare da kamu kuwa, da sauƙi zai yarda cewa hukuncin titi ya fi na kotu sauri.

Jihar Taraba na da misalin da ya isa ya nuna wa marubuta inda ainihin labarin yake. Ranar 6 ga Agusta, 2019, sojoji suka buɗe wuta kan motar 'yan sandan rundunar musamman ta Sufeto Janar a hanyar Ibi zuwa Wukari, bayan sun kamo Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume. 'Yan sanda uku suka mutu. Sojoji suka ce sun ɗauka masu garkuwa da mutane ne, 'yan sanda suka musanta a bainar jama'a. Bayan kimanin mako biyu aka sake kama Wadume a Hotoro, Kano, aka kuma saki bidiyonsa yana magana. Da a wasanninmu ne, nan za a sa kiɗan rufewa.

A zahiri nan aka fara. A 2020, bayan ofishin Antoni Janar na Tarayya ya karɓi shari'ar, aka cire sunayen sojojin daga takardar tuhuma. A 2022 Mai Shari'a Binta Nyako ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 7. Laifukan da aka same shi da su su ne mu'amala da haramtattun makamai da tserewa daga hannun hukuma. Garkuwa da mutane, wadda ita ce ta cika kanun labarai, ba ta cikinsu. A 2024 ya fito ya koma Ibi. Tazarar da ke tsakanin bidiyon kamu da takardar hukunci, da shaidu, da ɗage zama, da takun saƙar hukumomi, da iyalan mamatan da ke jira, ta ishi marubuci zango guda cur, kuma ta fi faɗan wuƙa riƙe zuciya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. Law & Order na Amurka, wanda aka fara a 1990, yakan raba kowane kashi biyu, rabi bincike, rabi kotu. The Wire, wanda aka nuna daga 2002 zuwa 2008, David Simon ne ya ƙirƙire shi, tsohon ɗan jarida mai ɗauko labaran 'yan sanda a birnin Baltimore, tare da Ed Burns, tsohon ɗan sandan bincike. Sun rubuta abin da suka sani. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage: tsohon wasan talabijin na Kano, Kuliya Manta Sabo, sunansa kaɗai ya faɗi inda rigima take ƙarewa.

Martanin hukuma zuwa yanzu shi ne hani. A Satumban 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024 magajinsa, Abba El-Mustapha, ya hana masu nuna daba. Damuwarsu tana da tushe, domin kashin da ya ƙawata uban daba da kirari da kiɗa na iya mayar da shi gwarzo a idon yaro. Sai dai dokar Kano ba ta kai wayar da ke aljihun matashin Turaki, kuma daba ta girmi Kannywood. An bar jaki ana dukan taiki.

A nan ma'aikatan tarayya da hadiman manya ke da rawar takawa, kuma ba ta bukatar sabon kasafi mai nauyi. Ofishin hulɗa da jama'a na rundunar 'yan sanda zai iya haɗa marubuta da tsofaffin jami'an bincike. Ma'aikatar Shari'a da Hukumar Ba da Agajin Lauya za su iya ba da lauyan da zai duba rubutu kafin a kunna kyamara. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, za ta iya sa ingancin abin da ake nunawa game da doka cikin bitar da take yi wa masu shiri. Sharaɗin kawai shi ne kada taimakon ya rikiɗe ya zama wanke hukuma, domin ɗan sandan da ba ya kuskure ƙarya ne kamar wanda ba ya komai sai karɓar na goro.

Su kuma masu shirin, aikin da ya rage musu ƙarami ne idan aka kwatanta da wanda suka riga suka yi. Sun shiga lungun da mutane da yawa ke tsoro, sun saurara, sun kawo mana muryarsa. Su ɗauki littafin rubutu su shafe mako guda a bencin kotun majistare, a Kano ko a Jalingo, su saurara kamar yadda suka saurari lungu.