Harajin Sayen Gida a Ingila

Tun shekarar 1694, lokacin da masarautar Ingila ta ƙago harajin hatimi domin samun kuɗin yaƙi da Faransa, ba a daina karɓarsa ba, har ya zamana yau wanda ya sayi gidan da ya haura fam 125,000 wajibi ne ya biya hukuma cikin kwana 14, sai fa mai sayen fari da aka yi wa rangwame. Wanda kuwa ya riga ya mallaki muhalli, ya zo ƙara na biyu don haya, tun Oktoban 2024 ana ɗora masa ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Wanda ba mazaunin ƙasar ba kuma, irin attajiranmu masu sha'awar Landan, a ƙara masa kashi 2.

Ƙarin da ake ɗora wa mai sayen gida na biyu, a ganina, adalci ne, domin mai neman riba da mai neman inda zai kwantar da iyalinsa ba hukuncinsu ɗaya ba. Abin da na ƙi shi ne a mai da ƙaura kanta abin tara: tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, ɗakuna uku a kulle, tana son ƙaramin gida kusa da asibiti, sai lissafin haraji ya zaunar da ita, alhali magidanta masu yara suna cunkushe a gidan haya.