Mai Gadi Na Ciki, Ɓarawo Na Waje

Masu karatu, yau za mu leƙa filin wasannin kwamfuta da ake fafatawa ta intanet. Kada wani ya ce ai sha'anin yara ne, domin a shekarar 2019 wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 16 ya tashi da dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite. Inda kuɗi irin wannan ke zagawa kuwa, ba a rasa masu maguɗi.

Da can mai maguɗi yakan cusa wata manhaja ce cikin kwamfutarsa. Sai kamfanoni suka girke masu gadi can cikin ƙuryar Windows: Riot Games ya fito da Vanguard a 2020, Activision ya biyo da Ricochet a 2021. Da 'yan maguɗi suka ga an tsare ɗaki, sai suka koma ta waje. Wani ɗan kati suke soka wa kwamfutar, ana ce da shi DMA, ya riƙa kwasar abin da ke cikin ma'ajiyarta yana miƙa wa wata kwamfuta ta biyu da ke gefe. A can ne maɓoyar abokan karawa ke bayyana, mai gadi kuwa yana ta sintiri a ɗakin da babu ɓarawo. Akwai kuma 'yan akwatuna irin su Cronus Zen, waɗanda ke hana bindiga rawa a lokacin harbi.

Maganin da ya fi burge ni shi ne na Ubisoft a 2023. A wasan Rainbow Six Siege, wanda aka gane yana satar amfani da linzami a na'urar wasa ba a kore shi ba. An riƙa jinkirta masa motsi ne, ya latsa, abin ya ƙi tafiya da wuri, har ya gaji don kansa.

Amma fa akwai inda nake da ja. Mai gadin da aka ba mabuɗin kowane ɗaki, idan aka saye shi gida ya tafi. A 2022 an kama masu garkuwa da bayanan mutane suna amfani da manhajar tsaron wasan Genshin Impact wajen kashe rigakafin kwamfuta. Har wa yau, a 2025 Battlefield 6 ya shar'anta sai kwamfuta na da tsarin Secure Boot, Call of Duty: Black Ops 7 kuma ya ƙara da TPM 2.0, watau wata 'yar na'urar tantancewa. Mai kuɗin sayen kati da kwamfuta biyu ba wuya ya sake dabara. Yaronmu da ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar kwamfuta ta gwanjo, bai taɓa cutar kowa ba, shi ne zai kunna wasan a ce masa na'urarsa ba ta cika sharaɗi ba.