Kafin a Yaba wa Zanen Mota, a Tambayi Inda Iska Za Ta Shiga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya ga yadda ake duba dabba kafin a yi tayi. Mai saye ba ya tsayawa ga kyan ƙaho. Zai buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora, ya shafa tozo, ya sa a ja shi ya ga takunsa, sannan ya faɗi aibinsa a gaban mai shi da dillali, kuma babu wanda zai ce hassada ce ta sa shi. Haka sana'ar take. Abin mamaki shi ne, garin da ya ƙware wajen sukar sa har haka, da ma sauran garuruwan Arewa, ba su koyi sukar zanen mota ba. Idan matashi ya fito da hoton motar tsere da ya zana a kwamfuta, ko wadda ya ƙera da walda a bayan gidansu, abin da yake samu shi ne tafi da addu'a da kira ga gwamnati ta tallafa masa. Da wuya a sami mai tambayarsa ta ina iska za ta kai ga lagireto.

Maganar ta shafi Wudil kai tsaye, domin a nan jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kano take. Ta fara aiki a 2001, aka sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022, kuma tana yaye injiniyoyi duk shekara. Idan akwai wurin da ya kamata a kafa zanen mota a bango a yi masa tankaɗe da rairaya a faɗin jihar, to nan ne.

Irin motar da matasa suka fi sha'awar zanawa ita ce mai kujera biyu, mai ƙasa-ƙasa, wadda injinta yake tsakiya, wato bayan direba amma gaban tayoyin baya. Hanya mafi sauƙi ta samar da ita kuwa ita ce ta motar haɗa-da-kanka: ƙaramin kamfani ya ƙera firam da jiki, mai saye ya nemo inji da giya da birki daga wata tsohuwar mota ya harhaɗa a garejinsa. Tsarin ya daɗe. Kamfanin Lotus na Ingila ya fara sayar da motarsa Seven a 1957, akasari a wargaje, saboda a lokacin harajin saye ba ya hawa kan motar da mutum ya haɗa da hannunsa. A 1973 Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana yi. Ga ƙasar da ke da kasuwa irin Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, inda babu injin da za a nema a rasa, wannan hanya ta fi mafarkin gina katafariyar masana'anta kusa da hannu.

Dalilin sa inji a tsakiya ba ado ba ne. Inji shi ne abu mafi nauyi a mota, idan aka matso da shi tsakiya motar takan fi saurin juyawa a kwana, tayoyin baya kuma su fi kama ƙasa. Motocin tseren Cooper ne suka tabbatar da haka lokacin da Jack Brabham ya ci gasar duniya a 1959, sannan Lamborghini Miura ta 1966 ta fito da tsarin kan titi cikin surar da har yau ake kwaikwayo. Sai dai da zarar inji ya koma baya, kome na jikin motar ya sauya wuri. Direba ya matsa gaba har ƙafafunsa suna gogayya da tayoyin gaba. Hanci ya gajarce. Zafi da ƙara sun dawo bayan ƙeyar mutum. Wanda ya zana jikin bai fara zaunar da waɗannan abubuwa ba, hoto ya zana.

A nan ne kuskuren farko yakan faru, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Matashi ya kalli Lamborghini, ya zana doguwar gadon baya mai kwanciya ƙasa, alhali injin da zai samu a Ƙofar Ruwa na Golf ne ko Corolla ko Civic. Injin yawancin manyan motocin Italiya a tsaye yake, ya miƙe daga bayan kujera zuwa baya, shi ya ba su wannan tsawo. Injin ƙaramar mota mai jan gaba kuwa a gicciye yake, haɗe da giyarsa, gajere ne, mai faɗi, mai tsayi, kuma idan aka mayar da shi baya kusan a kan tayoyin yake zama. Motar da aka gina a kansa dole ta zama gajera, mai ɗan tudun baya. Ba aibi ba ne: haka Toyota ta yi MR2 a 1984 da kayan Corolla, haka Pontiac ta yi Fiero a Amurka a shekarar, kuma dukansu suna da kyansu. Aibin yana zuwa ne idan aka ɗinka rigar dogo aka ce gajere ya sa. Masu haɗa mota a Turai da Amurka sun shekara suna ɗora jikin Ferrari na jabu a kan Fiero da MR2, kuma ko daga nesa ana gane su, domin tayoyin sun shige ciki, hanci da wutsiya sun yi rara.

Sai batun iska, wanda a nan ƙasar ya fi kome muhimmanci. Injin da ke gaba yana shan iska kyauta, motar tana tafiya tana cusa masa ita. Wanda ke tsakiya yana cikin akwati ne a rufe, sai an kai masa. Zaɓi biyu ne. Ko a bar lagireto a hanci a jawo bututun ruwan zafi ta ƙarƙashin ɗakin direba, ko a sa shi a gefe a buɗe masa ƙofofin iska a bayan ƙofa. Ferrari ta gwada na farko a motarta Boxer, ɗakin ya riƙa ɗaukar zafi, shi ya sa a Testarossa ta 1984 ta mayar da lagireto gefe. Waɗannan dogayen tsage na jikin ƙofarta, da yara suka riƙa manna hotonsu a bango, maganin zafi ne kafin su zama ado. Wannan fa a Turai ke nan. A Wudil, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, motar da za ta tsaya a cunkoson gada ranar kasuwa, tsakanin tireloli da motocin shanu, babu wata iskar gudu da za ta cece ta. Dole zanen ya nuna inda fanka za ta zauna, da inda iskar da ta yi zafi za ta fita, domin iskar da ba ta da mafita ba ta shiga. Yawancin zane-zanen da ake yaɗawa suna da manyan ramuka baƙaƙe a gefe waɗanda ba su kai ko'ina ba, kuma ba su da mafita ko ɗaya a baya.

Ƙura ma tana da nata hukunci. Ƙofar iskar da aka sa ƙasa-ƙasa a bayan tayar gaba za ta riƙa haɗiyar duk abin da tayar ta watso, yashi a lokacin hunturu, taɓo da ruwa da damina. Zanen da aka yi domin wannan yanki zai ɗaga mashigar iskar inji zuwa kafaɗa ko saman rufi, ya kuma bar wurin da bakanike zai zura hannu ya ciro matatar iska ba tare da ya kwance rabin motar ba. Haka gilashin gaba mai faɗi wanda ya kwanta sosai: a hoto yana da kyau, a rana tanda ne, kuma na'urar sanyaya ɗaki ita ma tana neman nata kason iskar a wannan ɗan hancin.

Mutumin da zai shiga ciki shi ne aka fi mantawa da shi. Ford GT40 ta samo sunanta ne daga tsayinta na inci 40, kuma sai da aka yi wa rufinta ɗan ƙullutu domin kan dogon direba Dan Gurney ya samu wuri. Lamborghini Countach kuwa an san masu ita da buɗe ƙofa su zauna a bakinta idan za su ja da baya, saboda ba a ganin kome ta madubi. Attajirin Turai mai motoci goma zai iya jure wannan. Wanda zai sayi motar haɗi a Kano mutum ne da zai je ɗaurin aure da ita, da hularsa zanna-bukar da babbar riga mai sitati. Idan sai ya tuɓe hula ya naɗe riga ya yi rarrafe kafin ya zauna, to ba shi aka zana wa motar ba. Gwajin ba ya cin kuɗi: a haɗa kujera da sitiyari da rufi na katako daidai awon zanen, a kira mutum uku masu tsawo daban-daban su shiga su fita.

Tazarar ciki da ƙasa ba ta buƙatar dogon bayani. Motocin tsere na Turai sukan tashi santimita 10 zuwa 12 daga kwalta. Wanda ya san tudun rage gudu da ramukan cikin gari ya san inda bambar gaba za ta ƙare tun ranar farko.

Akwai kuma abin da ya keɓanta ga motar haɗi. Ana iya zuba jikin faiba a kowace sura, matuƙar zai fita daga mazubinsa ba tare da ya maƙale ba, amma ba a lanƙwasa gilashin mota a gareji. Dole a aro na wata motar da ake samu a kasuwa, kuma faɗinsa da lanƙwasarsa su za su yanke surar rufi da ƙofofi. Saboda haka tambayar farko ga mai zane ita ce: gilashin wace mota ne wannan, kuma nawa ne idan dutse ya fasa shi? Fitilu ma haka. Babu abin kunya a aro. Lotus Esprit ta 1976 da mariƙin ƙofar Morris Marina ta fito, Lamborghini Diablo ta ƙarshe kuma fitilun Nissan 300ZX ta sa. Gwaninta ita ce a yi aron ya zauna kamar don wurin aka yi shi.

Masu ganin suka tana kashe gwiwa suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Yaron da ya tara kuɗin makarantarsa ya sayi ƙarfe, a ƙasar da ba wuta ba bashin banki, ya cancanci a jinjina masa. An jinjina wa Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007, an kuma jinjina wa Jerry Mallo na Jos da motarsa Bennie Purrie a ƙarshen 2019. Sun cancanta. Amma jinjina abu ɗaya take gaya wa mai ƙira, cewa ya yi ƙoƙari, kuma ya riga ya san haka. Abin da zai kai shi ga mota ta biyu wadda ta fi ta farko shi ne wanda zai nuna masa inda ta gaza, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya karanci zanen mota a Detroit, ya yi aiki da General Motors, daga baya ya shugabanci hukumar ƙasa mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci daga 2017 zuwa 2023. Kowa ya san sunansa yana haɗe da zanen Chevrolet Volt da aka nuna a baje kolin Detroit a 2007. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, motar da ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010 ta sha bamban da waccan. Da aka sa samfurin farko a ɗakin gwajin iska, sai aka ga surarsa mai kaifin kusurwa tana tare iska fiye da yadda motar lantarki za ta iya ɗauka, domin duk abin da iska ta ci daga batir yake fita. Aka sassauta hanci, aka gyara rufi da baya. Zanen da ya burge duniya bai tsira daga gyara ba, kuma hakan bai rage wa mai shi daraja ba.

Wani zai ce ina ruwan Wudil da motar tsere, garin da ya fi buƙatar motar ɗaukar shanu da ta ɗaukar marasa lafiya. Da gaskiyarsa ta fuskar kasuwa. Ta fuskar koyo kuwa, babu darasin da ya kai mota mai inji a tsakiya tsanani, domin wuri ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa, kowane kuskure a fili yake. Ɗalibin da ya iya sanyaya inji a cikin wannan akwati ba zai sha wahalar tsara a-kori-kura ba.

Zaman sukar da ake buƙata ba taron ƙaddamarwa ba ne mai babban baƙo da yankan ƙyalle. Ɗaki ne, da zane uku ko huɗu a bango, kowanne an nuna shi ta gefe da sama da gaba bisa awo ɗaya, an zana inji da lagireto da tankin mai da mutum a cikinsa, ba hoto mai sheƙi da aka ɗauko ta kusurwar da ke ɓoye aibi ba. A zaunar da malamin injiniya, da mai zane, da bakaniken da ya shekara ashirin yana kwance injin Golf, da mai gyaran jikin mota, da direban haya mai bin hanyar Kano zuwa Wudil sau huɗu a yini. Malamin zai tambayi nauyin da ke kan kowace taya. Bakaniken zai tambayi yadda za a canja bel. Direban kuma zai duba zanen ya tambayi inda aka ajiye safaya.