In Ɓera da Sata

Jama'a, a watan Oktoba na 1983 gidan talabijin na CBS a Amurka ya fara nuna Whiz Kids, wasan Richie Adler da abokansa, 'yan makaranta masu tona asirin miyagu da kwamfuta. Tun kafin ya fito 'yan jarida suka yi masa ca, wai zai koya wa yara kutse. Haba! Ai samarin Milwaukee da ake kira 414s sun riga sun kutsa kwamfutar cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos. Wa ya koya musu? Makulli suka tarar sako-sako. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. An daina wasan a 1984 bayan kashi 18, amma kutse na nan. Manya, ku gyara makullanku tukuna.